Lanƙwasa da madubi a Seamly2D: inda rabin riga ke haɗuwa da ɗan'uwansa

Duk telan da ya taɓa ninke yadi gida biyu ya yanka wuyan riga ya san abin da ke faruwa idan almakashi ya shiga ninkin a karkace. Rabin da ke kan tebur yana da kyau. Sai an buɗe yadin a ga ɗan tsini a tsakiyar wuya, ko ɗan rami kamar an gutsira. Manhajar zanen yanka ba ta raba mutum da wannan matsala ba, ta dai canja mata wuri. Abin da ninki ke yi a kan tebur shi madubi ke yi a kan allon kwamfuta, kuma madubi ba ya gyara komai, kuskuren da ka ba shi ma ninka shi yake yi.

Zan yi bayanin ne da Seamly2D da Valentina, tunda tushensu ɗaya. Valentina ta fara a 2013, a 2017 masu aikin suka rabu gida biyu, ɗaya ɓangaren ya ci gaba da sunan Seamly2D. Dukkansu suna aiki a Windows da Mac da Linux, kuma kayan aikin da za mu taɓa a nan suna cikin kowacce, sai ɗan bambancin suna. Abin da ya raba su da manhajar zane ta yau da kullum shi ne kowane ɗigo yana rataye da lissafi. Ba ka cewa ɗigo ya zauna a nan, cewa kake yi ya nisanci wancan ɗigon da kashi ɗaya cikin biyar na awon wuya. Idan aka sauya awon mutum, zanen gaba ɗaya ya motsa. Layuka miƙaƙƙu suna bin wannan tsari ba gardama. Lanƙwasa ce ke da taurin kai.

Yadda lanƙwasa take a ciki

Lanƙwasar da waɗannan manhajoji ke zanawa irin ta Bézier ce, wadda Pierre Bézier ya yi amfani da ita wajen fasalta jikin mota a kamfanin Renault na Faransa cikin shekarun 1960, bayan Paul de Casteljau ya gano lissafinta a Citroën a 1959. Ɗigo huɗu ke riƙe da ita: mafari, ƙarshe, da wasu biyu da ba sa kan layin amma su ke jan sa. Waɗannan biyun nake kira linzami. Kowane linzami yana da abu biyu kacal, kusurwa da tsayi. Kusurwa ce ke faɗin inda lanƙwasa za ta fuskanta a lokacin da take barin ɗigo. Tsayi kuma shi ke faɗin nisan da za ta yi tana bin wannan fuska kafin ta juya. Gajeren linzami yana ba da lanƙwasa mai kama da miƙaƙƙen layi wanda ke karyewa kwatsam a baki. Dogo fiye da kima yana kumbura ta, idan linzaman biyu suka haye juna ma har ta naɗe kanta ta yi ƙulli.

Kafin ka rubuta lamba ko ɗaya, riƙe yadda manhajar ke ƙirga kusurwa: sifili yana hannun dama, 90 sama, 180 hagu, 270 ƙasa. Tana zagayawa ne saɓanin hannun agogo. Rabin ruɗanin masu koyo daga nan yake fitowa.

Akwai hanya biyu ta kafa linzami. Ta farko, ka zana lanƙwasa tsakanin ɗigo biyu, ka ja linzaman da hannu har idonka ya gamsu. Ta biyu, ka fara kafa ɗigogi huɗu da lissafi, sannan ka ce manhaja ta ratsa lanƙwasa a kansu. Idan doguwa ce mai gaɓoɓi, ɗigogin za su zama 4 ko 7 ko 10, uku-uku ake ƙarawa. Ja da hannu yana da daɗi kuma yana da sauri, amma abin da yake bari a baya lambobi ne tsayayyu, misali kusurwa 3.7 da tsayi 4.12, waɗanda ba su san awon kowa ba. Ka zana wa mai ƙirji 92, ka loda awon mai ƙirji 120, ɗigogin bakin su buɗe, linzaman su tsaya yadda suke, hammata ta fito a shafe kamar an ja ta da rula. A ganina ja da hannu na neman siffa ne kawai. Da zarar siffar ta yi, buɗe akwatin lanƙwasar ka mayar da lambobin nan huɗu lissafi. Linzamin da aka ba lissafi ba ya jawuwa da hannu kuma, wannan ma kariya ce daga kuskuren taɓawa.

Wuyan riga, mataki-mataki

Ɗauki awon wuya santimita 39. Kafa ɗigo A a saman layin tsakiyar gaba. Daga A sauka zuwa A1 a kusurwa 270, tsayin ya zama wuya raba biyar a ƙara 0.2, wato 8. Daga A kuma tafi dama zuwa A2 a kusurwa sifili, wuya raba biyar a cire 0.3, wato 7.5. A2 shi ne inda wuya ya haɗu da kafaɗa, A3 kuma bakin kafaɗa. Lanƙwasa za ta tashi daga A1 ta ƙare a A2.

Tsayin linzami yana da lamba da ta dace a haddace: 0.5523. Idan kana son rubu'in da'ira, tsayin kowane linzami shi ne nisan tsakiya zuwa baki sau wannan lamba. A zanen tufafi 0.55 ta wadatar. Linzamin A1 sai ya zama Line_A_A2*0.55 (Line_A_A2 shi ne sunan da manhaja ke ba tsayin layi daga A zuwa A2), kusan 4.1, na A2 kuma Line_A_A1*0.55, wato 4.4. Lura cewa kowane linzami yana ɗaukar tsayinsa ne daga gefen da yake kwance a kansa, na A1 a kwance yake don haka faɗi yake bi, na A2 a tsaye yake don haka zurfi yake bi. Masu koyo kan musanya su, kuma da yake 7.5 da 8 sun yi kusa ba a ganewa, sai ranar da aka zurfafa wuyan zuwa 15 siffar ta lalace. Idan kana son wuya mai faɗin ƙasa kamar harafin U, ɗaga lambar zuwa 0.7. Idan ka sauke ta zuwa 0.4 zai tsuke ya doshi V.

Yanzu kusurwar A1, wadda ita ce zuciyar maganar. Dole linzamin ya bar layin tsakiya a digiri 90 cif. Kada ka rubuta sifili kawai, rubuta AngleLine_A_A1+90, wato kusurwar layin A zuwa A1 a ƙara 90, domin ko wata rana ka karkatar da layin tsakiyar, linzamin zai bi shi. Dalilin tsananin shi ne madubi yana ninka karkata. Linzami ya ɗaga da digiri 5, bayan an kifa rabin za ka sami karyewar digiri 10 a tsakiya, wuyan ya yi ɗan V da ba ka nema ba. Ya sunkuya da digiri 5, a sami tsini yana kallon haɓa. A kan allo, da zanen a ƙanƙance, digiri 5 ba ya ganuwa. A kan shadda mai sheƙi, bayan an ɗinka shafin wuya an goge, daga nesa ake hango shi.

Kuma kusurwa kaɗai ba ta isa ba. Idan linzamin yana kan 90 daidai amma tsayinsa rabin santimita ne, lanƙwasar za ta bar wannan fuska tun kafin ido ya gani, sakamakon ya zama kusan ɗaya da tsini. A wuyan baya aka fi faɗawa wannan, saboda zurfinsa bai wuce santimita 2 ba. Bar linzamin tsakiyar baya da tsayi sosai, rabin faɗin wuya ko fiye, yadda santimita biyu zuwa uku na farko za su tafi a kwance.

A wajen kafaɗa ƙa'idar ta ɗan bambanta, don can ba madubi ke haɗa su ba, kabu ne. Abin da ake buƙata shi ne kusurwar da ke tsakanin wuya da kafaɗa a gaba da ta baya, idan an tara, su ba da 180. Kafaɗa mai gangaren digiri 20 tana kan 340. Idan linzamin gaba ya sauka a 270, tsakaninsa da kafaɗa digiri 70 ne, to na baya sai ya zama 110, wato AngleLine na kafaɗar baya a cire 110. Wasu sun fi son 90 da 90, shi ma daidai ne. Da ka gama, duba teburin lambobi ka ga tsayin Spl_A1_A2, wato lanƙwasar wuyan. Da waɗannan awo gaba zai ba da kusan 12, baya kusan 8, a ninka biyu a sami 40 da ɗoriya, wanda ya bar ɗan sarari a kan wuya 39. Da wannan tsayin ake zana kwala, ba da awon wuya ba.

Madubi iri biyu

Na farko yana neman ɗigo ɗaya da zaɓi tsakanin tsaye da kwance. Na biyu yana neman ɗigo biyu, ya ɗauki layin da ke tsakaninsu a matsayin ninki. Yadda ake yi ɗaya ne: ka danna kayan aikin, ka riƙe Ctrl ka zaɓi ɗigogi da lanƙwasoshin da za a kifa, ka buga Enter, sannan ka nuna ninkin. Ni na fi ba da shawarar na layi ko da tsakiyar a tsaye take, saboda dalilin da na faɗa a kan linzami: yana bin zanen duk inda ya karkata.

Abin da ya fito daga madubi ba shi da ran kansa. Ba ka iya jan linzaminsa, ba ka iya sauya lissafinsa, na asali yake kwaikwaya. Haka ake so. Gyara ɗaya ya wadatar wa ɓangare biyu. Sai dai manhajar ba za ta bari ka goge na asalin ba muddin akwai abin da ya rataya da shi, kuma abin da aka zana tun farko ba ya iya jingina da abin da aka zana daga baya, don jerin aikin a tsare yake. Saboda haka madubi aikin ƙarshe ne. Gama rabin, gwada shi da awo uku, ƙarami da matsakaici da babba, sannan ka kifa.

Kowane abin da aka kifa yana samun sunan na asali da ɗan ƙari a ƙarshe. Sauya wannan ƙarin zuwa abin da za ka gane, kamar _hagu, tun a akwatin farko. Zanen da aka yi wa madubi sau huɗu da sunayen da manhaja ta zaɓa da kanta yana da wuyar karantawa bayan wata ɗaya.

Kada ka haɗa da ɗigogin da ke zaune a kan layin ninkin. A1 idan aka kifa shi a kansa zai faɗo, ka sami ɗigo biyu a wuri ɗaya, kuma lokacin fitar da gunduwar yanka, wato ɓangaren rigar da za a buga a takarda a yanka, za ka iya danna su biyun ba ka sani ba, manhaja ta ƙi karɓa tana cewa akwai ɗigo mai maimaici. Haka nan layukan taimako ba sa buƙatar kifawa, ɗigogin baki da lanƙwasa sun isa.

Idan wani dalili ya sa kana son rubuta ɓangare na biyu da hannu, misali don ka bambanta shi kaɗan, lissafin kusurwa mai sauƙi ne. A ninki na tsaye sabuwar kusurwa ita ce 180 a cire tsohuwa, a na kwance 360 a cire tsohuwa. Linzamin da ke kan 20 zai koma 160 a na farko, 340 a na biyu. Tsayi ba ya sauyawa.

Matsalar da ta fi ci wa mutane rai tana zuwa ne wajen fitar da gunduwa. Manhajar tana son a zaɓi gefen gunduwa ana bin hannun agogo. To amma kowace lanƙwasa tana da mafari da ƙarshe, kuma madubi yana juya tafiyarta: idan ta asali tana bin agogo, kifaffiyar saɓa masa take yi. Alamar ita ce ka ga wani miƙaƙƙen layi ya ratsa daga wannan bakin lanƙwasa zuwa wancan, ko rarar kabu ta faɗa cikin gunduwar maimakon waje. Zanen bai lalace ba. Riƙe Shift lokacin da kake danna wannan lanƙwasar, ko ka buɗe jerin gefen gunduwar daga baya ka juya ta. A cikakken gaban riga, cikin kowane tagwayen lanƙwasa ɗaya tana buƙatar juyi.

Tambaya ma ita ce ko ana buƙatar cikakkiyar gunduwar. Ga yadi marar zane, rabi ya isa, a sa rarar kabu sifili a gefen ninki, a rubuta a kai cewa a ninke za a yanka, an rage takarda da tawada. Cikakkiya tana da amfani ne a atamfa mai manyan furanni da ake son su zauna a tsakiyar ƙirji, da leshi mai baki, da duk yankan da za a yi a karkace, inda ninki ke zamewa.

Inda madubi ya dace da inda bai dace ba

Jikin mutum hagu da dama ne suka yi kama, gaba da baya ba su yi ba. Hammatar gaba ta fi ta baya lotsawa, saboda hannu gaba yake miƙawa kuma baya na buƙatar yadi a kan allon kafaɗa. Wanda ya zana hammatar gaba ya kifa ta ta zama ta baya zai sami riga mai ɗaure mutum idan ya miƙa hannu, ko mai tara yadi a gaban hammata. Haka kan hannun riga: gefen gaba ya fi lotsawa a ƙasa, na baya ya fi cika. A riga mai yalwa wadda kafaɗarta ta sauko, irin kaftani mai faɗi, bambancin kaɗan ne har ana iya yafe shi. A rigar da ta kama jiki ba a yafewa. Gindin wando shi ma haka, lanƙwasar baya ta fi ta gaba tsawo da kwanciya nesa ba kusa ba.

Amma gefen siket daga ƙugu zuwa kwankwaso wuri ne da madubi ya fi hannu. Kabun gaba da na baya a nan dole tsayinsu ya zo ɗaya, kuma lanƙwasa biyu da aka zana daban-daban da wuya su daidaita. Zana ɗaya, kifa ta, magana ta ƙare.

Kalmasa ma aikin madubi ce. Ƙafar wando ko hannun riga da ke tsukewa zuwa ƙasa, idan ka ci gaba da layin gefen har cikin kalmasar, abin da za ka naɗe zai fi wurin da zai kwanta ƙanƙanta, ɗinkin ya tattare. Kifa ɗigogin gefen a kan layin kalmasa, santimita 3 ko 4 na sama su faɗo ƙasa, sai bakin ya buɗe daidai yadda ake buƙata. A saitin rarar kabu na kowane ɗigo akwai zaɓin kusurwa da ke yin wannan da kansa ta hanyar kwaikwayon gefen farko ko na biyu. Kwalar kwat da ke kwantawa a ƙirji ita ma haka ake yi mata: a zana ta yadda za a gan ta a jiki, a kifa ta a kan layin da take naɗewa. Nan madubin layi ne kaɗai zai yi, tunda layin a karkace yake.

Daidaita hannu da hammata

Manhajar tana faɗa maka tsayin lanƙwasa, amma ba ta karɓar umarnin cewa lanƙwasa ta zama tsayi kaza. Kai za ka kusanto da shi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka ɗauki tsayin hammatar gaba daga teburin lambobi ka yi amfani da shi a matsayin tsayin miƙaƙƙen layi daga ƙololuwar hannu zuwa ƙasan hammata, ka yi haka ga baya, sannan ka ɗora lanƙwasa mai siffar S a kan kowane layi. Da yake lanƙwasa ta fi layin da ke ƙarƙashinta tsawo, rara za ta fito da kanta. A yadin da ba ya miƙewa, hannun rigar mata ko kwat yana ɗaukar rarar santimita 2 zuwa 4, taguwa kuwa kusan 1. Shadda mai tauri ba ta shan rara da yawa, tattarewa take yi, don haka a tsaya a ƙasa-ƙasa.

Don kada ka riƙa lissafi da ka duk lokacin da aka sauya awo, ja wani ɗan layi a gefen zanen wanda tsayinsa shi ne jimlar lanƙwasoshin hannu a cire jimlar na hammata, a ƙara 10 don kada ya faɗa ƙasa da sifili. Ya nuna 12.5, rararka 2.5 ce. Ya nuna 9, hannun ya gaza hammata da santimita ɗaya, kuma gara ka gani a nan da ka gani a bakin keke. Linzaman biyu da ke ƙololuwa su kasance a kwance, ɗaya sifili ɗaya 180. Idan doguwar lanƙwasa ɗaya ce manhajar na riƙe su a layi ɗaya da kanta, idan guda biyu ne daban kai za ka tabbatar.

Alamun haɗi kuma a kafa su da kayan aikin da ke sa ɗigo a kan lanƙwasa bisa nisa, ana aunawa daga ƙasan hammata a jikin riga da a hannu da lamba ɗaya, yadda rarar za ta taru a sama. Tsaga ɗaya a gaba, biyu a baya, haka aka saba.

Wajen shimfiɗa gunduwoyi a kan faɗin yadi, manhajar na iya kifa gunduwa don ta rage asara. Kowace gunduwa tana da zaɓin hana hakan. Kunna shi ga duk abin da hagunsa da damansa suka bambanta, kamar gaban riga mai aljihu a gefe ɗaya ko mai rufi a karkace. Hannu kuwa, idan za a yanka a yadi falle ɗaya, sai an fitar da guda biyu, ɗaya a kife, in ba haka ba a tashi da hannun hagu biyu. Kafin ka buga duka a takardar A4, buga shafin da ke da murabba'in gwaji na santimita 10, firinta na kan kashi 100 ba tare da ta daidaita girman da kanta ba, ka auna shi da tef. Idan ya ba da 9.6, wuyan nan mai 40 ya koma 38 da ɗoriya, ƙasa da wuyan mai rigar.